Yadda Ake Sayar da Tsohon Turombon Ba Tare da An Zubar da Darajarsa Ba

Turombon dogon abin busa ne na tagulla, mai bututun da ake zugewa gaba da baya. Yawancin tsofaffin turombon da ke fitowa kasuwa ba daga hannun mabusansu suke fitowa ba. Wani gado ne, wani an tsince shi a ɗakin ajiyar makaranta, wani kuma ragowar kayan wata ƙungiyar badujala ce da ta watse tun da daɗewa. Sai mutum ya buɗe akwati ya tarar da doguwar tagulla ta yi baƙi ƙirin, ga warin daɗewa, ga wani rubutu a jiki da ba ya karantuwa sosai. Abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne ya nemo man goge ƙarfe ya dirje shi ya yi ƙyalli, ya ɗauki hoto, ya sa kuɗi. A nan wurin ake tafka asarar da ta fi kowace girma, tun ma ba a kai ga ciniki ba.

Da farko, ɗauke hannunka

Masu tara tsofaffin kayan busa ba ƙyalli suke saye ba, asali suke saye. Suna son abin ya zo musu yadda maƙerinsa ya sake shi, da duk alamar shekarun da ya yi a duniya. Fatar turombon iri uku ce galibi. Akwai tagulla tsirara, akwai wadda aka shafa wa banish don kada ta dushe, akwai mai ruwan azurfa, wani lokaci har da ruwan zinari a cikin faffaɗan bakin. Man goge ƙarfe yana cin dukkan ukun. Yana kankare banish, yana sa ruwan azurfa ya yi ta sirancewa har tagullar ƙasa ta leƙo, kuma yana shafe zanen da aka sassaƙa da hannu, wanda sau da yawa a cikinsa sunan maƙeri da garinsa suke. Baƙin da azurfa ke yi ba lalacewa ba ne, mai saye ya san yadda zai fitar da shi a hankali. Ƙarfen da injin gogewa ya cinye kuwa ba ya dawowa. Garin gyaran gira ake rasa ido.

Ruwan zafi ma haɗari ne, domin tsohon banish yana ɓarewa a cikinsa kamar ɓawo. Idan har sassan suna rabuwa cikin sauƙi, kuma kana son fitar da dattin ciki, ruwa mai ɗan ɗumi da sabulun wanke kwano kaɗan sun isa, sai a tsane da ƙyalle mai laushi. Idan kuwa alamu sun nuna abin ya haura shekara 100, ni shawarata ko wannan kada ka yi. Share ƙura kawai ka bari.

Abubuwa uku ne sukan cije a tsohon turombon, kuma kowannensu yana jarraba haƙurin mutum. Kofin leɓe, wato ɗan ƙarfen da ake ɗora baki a kai a busa, yakan maƙale. Kada filaya ta taɓa shi. Masu gyaran kayan busa suna da wata 'yar na'ura ta musamman da ke zare shi cikin minti ɗaya ba tare da ko ƙwarzane ba, alhali filaya tana iya murɗe bututun da yake ciki ta ɓalle liƙin dalma. Na biyu shi ne lanƙwasasshen bututun baya da ake daidaita sauti da shi. Na uku, wanda ya fi duka muhimmanci, shi ne dogon bututun da ake zugewa gaba da baya, wanda mabusa ke kira silaid. Idan ya bushe shekara da shekaru, jan sa da ƙarfi yana sa datti ya karce cikinsa. Bar shi yadda ka same shi har sai an wanke an sa masa man da aka yi dominsa.

Gane abin da ke hannunka

Ɗauki tocila da gilashin ƙara girman rubutu, ka zauna da faffaɗan bakin nan mai kamar mazurari. A samansa ake sassaƙa sunan kamfani, da gari, wani lokaci da sunan samfurin. Kwafe kowane harafi a takarda yadda yake, har da wanda kake ganin ba shi da amfani. Sannan ka nemi lambar ƙira. Galibi tana kan silaid kusa da inda ake riƙewa, ko a mahaɗar silaid da mazurari, ƙananan lambobi ne da aka buga a ƙarfe. Manyan kamfanoni suna da jadawalin lambobi da masu bincike suka tattara, wanda ke nuna shekarar da aka ƙera kowane rukuni. Ka riƙa ɗaukar shekarar a matsayin kusa-kusa, don jadawalan sukan saɓa da shekara ɗaya ko biyu.

Sunan gari yana da nauyin da baƙo a harkar ba zai zata ba. Kamfanin C.G. Conn ya yi zamaninsa na ɗaukaka a Elkhart ta jihar Indiyana a Amurka, kafin a kwashe aikin zuwa Abilene ta jihar Tekzas a farkon shekarun 1970. Samfurinsa 88H, wanda ya fito a 1954 kuma ake danganta shi da malamin turombon Emory Remington, har yau ana nemansa, amma wanda aka ƙera a Elkhart kafin ƙaurar ake rububi. Haka abin yake ga Vincent Bach. Ya fara a birnin New York, ya koma Mount Vernon a 1953, ya sayar wa kamfanin Selmer a 1961, sannan aka mayar da aikin Elkhart a tsakiyar shekarun 1960. Turombon ɗin Bach mai ɗauke da New York ko Mt. Vernon a jiki daban yake a idon masu saye. King kuwa na kamfanin H.N. White ne a Cleveland, kuma samfuransa 2B da 3B sun zama abin so ga mabusan jaz, musamman masu mazurarin azurfa zalla. F.E. Olds ya fara a Los Angeles, ya koma Fullerton a shekarun 1950, ya rufe a 1979. Frank Holton ya fara a Chicago, ya koma Elkhorn ta jihar Wiskonsin a 1918, saboda haka Holton mai rubutun Chicago ya riga ya faɗa maka zamaninsa.

Na Turai ma haka. Idan ka ga Boosey & Co. kaɗai, ko Hawkes & Son kaɗai, to kafin 1930 aka yi shi, domin a shekarar ne kamfanonin biyu na Landan suka haɗe suka zama Boosey & Hawkes. Akwai Besson da Courtois daga al'adar Faransa. Na Jamus, irin na Kruspe a Erfurt, ana gane su da faffaɗan ƙarfen ado da ke zagaye leɓen mazurari, da ɗan adon maciji a kan lanƙwasar bututu.

Amma suna kaɗai ba ya yanke hukunci, kuma a nan mutane da yawa ke yaudarar kansu. Kowane babban kamfani yana da layin 'yan koyo da ya ƙera dubbai don makarantu: Conn Director, Olds Ambassador, Holton Collegiate, King Cleveland. Kayan kirki ne, suna busuwa, amma sun yi yawa a duniya, kuɗinsu kaɗan ne ko da sun shekara 60. Akwai kuma waɗanda masana'anta ta ƙera wa wani kanti, aka buga sunan kantin a maimakon nata. Irin waɗannan sai wanda ya san siffar sanduna da mahaɗai ne zai iya cewa ga wanda ya yi su. Sannan akwai na jabu, sababbi fil da aka dusar da gangan, aka buga musu suna mai kama da na wani tsohon kamfani, an ƙara harafi ko an rage. Rubutun irinsu yakan zama bugun inji marar zurfi, liƙin dalmarsu kuma a cakuɗe.

Bayan suna, sai awo. Auna faɗin mazurari daga leɓe zuwa leɓe da inci, don da inci ake magana a wannan kasuwa. Faɗin ramin silaid kuwa sai da ma'aunin makanikai, mai gyara zai auna maka. Inci 0.500 ƙarami ne irin na jaz, 0.525 matsakaici, 0.547 babba irin na manyan ƙungiyoyin kiɗa, 0.562 na mai babbar murya ne. Ka duba ko akwai ƙarin bututu a naɗe a baya mai bawul da ake dannawa da babban yatsa. Wannan dabara Christian Friedrich Sattler ne ya fito da ita a Leipzig a 1839, kuma mai saye zai tambaye ka ko akwai ta tun a saƙon farko.

Tsufa daban, daraja daban

Wannan ita ce maganar da ta fi wuyar haɗiya ga wanda ya gaji abu daga kakansa. Turombon mafi tsufa da ya rage a duniya, wanda Erasmus Schnitzer ya ƙera a Nuremberg a 1551, yana gidan adana kayan tarihi a garin, kuma irinsa ba sa yawo a kasuwa. Abin da ya fi faɗowa hannun mutane shi ne na ƙarshen ƙarni na 19 zuwa shekarun 1920, zamanin da garuruwa da masana'antu da yawa a Turai da Amurka ke da ƙungiyar badujala. An ƙera su da yawan gaske, raminsu siriri ne, muryarsu ba ta dace da abin da ƙungiyoyin yau ke so ba. Shi ya sa turombon na ƙwararru daga shekarun 1950 ko 1960 yakan ninka na 1910 kuɗi, duk da na 1910 ya girme shi da nisa.

Akwai wani dalili kuma, na tsayin sauti. A taron da aka yi a Landan a 1939 aka amince da ma'aunin 440, wato sautin A mai kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, a matsayin inda kowa zai daidaita kayan kiɗansa. Kafin nan, kayan busa da yawa an gina su a kan ma'auni mafi tsayi, sama da 450, kuma ƙungiyoyin badujala na Ingila sun ci gaba da amfani da shi har cikin shekarun 1960. Turombon da aka gina a kan ma'auni mai tsayi ba ya jituwa da kayan zamani sai an ƙara masa tsawon bututu. Wasu kamfanoni sun buga HP ga mai tsayi, LP ga na ƙasa, wasu kuma sun sayar da shi da bututun daidaitawa guda biyu, gajere da dogo. Idan ka tarar da na biyun a akwati, ka riƙe shi da kyau, don shi ne ke buɗe maka ƙofar mabusa. Idan babu wata alama, a samu mai iya busawa ya gwada da manhajar auna sauti a waya.

Saboda haka ka tambayi kanka tun yanzu: wa zai sayi wannan abu? Mabushi yana neman abin da zai ɗauka ya hau dandali da shi, silaid ne damuwarsa. Mai tarawa yana neman abin da ba a cika samu ba, zane mai kyau, sassan asali, da tarihi. Akwai kuma masu kiɗan zamanin da, waɗanda da gangan suke neman siririn rami don su fitar da sautin wancan lokaci. Akwai mai neman abin ratayewa a bango, shi ne ke biya mafi ƙaranci. Amsar wannan tambaya ita ce za ta nuna maka inda za ka kai shi da yadda za ka bayyana shi.

Duba lafiyarsa, musamman silaid

Rabin kuɗin turombon a silaid yake, in ma bai fi ba. Bututu huɗu ne, biyu na ciki biyu na waje, kuma dole su tafi a layi ɗaya ba karkata ko ta gashin kai. Lotsawar da ido ba ya gani tana iya sa hannu ya ji tsaiko a wuri guda duk lokacin da aka zo wucewa. Bayan an wanke an sa mai, riƙe shi a tsaye a kan shimfiɗa mai laushi, ka zuge a hankali daga sama har ƙasa, kana saurare kana ji a yatsunka. Inda ya yi ƙara ko ya cije, rubuta wurin. Ka kula kada na waje ya zame ya faɗi ƙasa, don ba abin da ke tare shi idan an buɗe makullinsa, wasu tsofaffin ma ba su da makullin sam.

Zare na waje gaba ɗaya ka dubi na ciki a haske. A ƙarshen kowane bututu akwai wuri mai ɗan kauri, nan ne ke gogar na waje, nan ne kuma farin rufin ƙarfen ke fara cinyewa. Idan ka ga tabon rawaya ko ruwan ƙasa a wurin, rufin ya tafi. Ɗan kaɗan ba ya hana busa, amma mai saye yana da haƙƙin ya gani a hoto.

Sai cutar da ta fi tsoratar da masu saye. Tagullar kayan busa haɗin jan ƙarfe ne da zinki. Danshin numfashi da ya daɗe a ciki yana cinye zinkin daga ciki zuwa waje, ya bar jan ƙarfe mai rauni kamar soso. Alamarta ɗige-ɗige ne ja ko ruwan hoda, sau da yawa da ɗan duhu a tsakiya, kuma an fi ganinta a bututun silaid na waje da lanƙwasar ƙasa inda ruwa ke taruwa. Ba ta warkewa. Ƙarshenta huda ce, maganinta faci ko sauya bututu. Amma kada ka firgita da kowane jan tabo, domin inda banish ya ɓare iska ta taɓa ƙarfe ma yakan yi ja a sama-sama kawai. Mai gyara zai bambance maka.

Daga nan ka bi sauran jiki. Nemi faci, da liƙin dalma da ya yi tudu inda wani ya taɓa gyarawa, da wurin da mazurari ya taɓa naɗewa aka miƙe shi, wanda yakan bar layi-layi kamar tamoji. Idan zanen jiki ya yi dishi-dishi alhali ƙarfen na ƙyalli kamar sabo, to an taɓa goge shi da inji an sake masa banish, kuma dole ka faɗa. Duba ko silaid da mazurari 'yan gida ɗaya ne. A wasu kamfanoni lamba ɗaya ake bugawa a sassan biyu, idan suka saɓa to haɗin gambiza ne, an ɗauko silaid ɗin wani an aura wa wani. Yana iya busuwa da daɗi, amma mai tarawa zai janye.

Tambayar da ke biyo baya ita ce a gyara kafin a sayar ko a bari. Abin da nake ganin ya cancanci kuɗinka kaɗan ne: zare kofin leɓen da ya maƙale, sakin bututun da ya cije, sauya ɗan toshen makullin zubar da ruwa, wanki na ƙwararre, da daidaita silaid idan samfurin na ƙwararru ne da mabusa ke nema. Wannan na ƙarshe yakan dawo da kuɗinsa har da riba. Sabon banish, sabon ruwan azurfa da sauya manyan sassa kuwa, bar wa mai saye. Tsadarsu ta fi abin da za su ƙara, kuma kowane mai saye yana da mai gyaran da ya yarda da shi. Ka nemi wanda aikinsa kayan busa ne. Mai walda ko maƙerin da bai saba da ƙarfe mai sirantar takarda ba zai yi ɓarna da kyakkyawar niyya.

Kada ka zubar da komai daga akwatin. Tsohon kofin leɓe, sandar wanki, ɗan maƙalin takardar kiɗa, rasit, katin garanti, hoton mai shi yana riƙe da shi, duk suna ƙara nauyi. Wasu tsofaffin kofunan leɓe su kaɗai abin nema ne, kuma wasu samfura, kamar tsohon 88H, ramin da kofin ke shiga yana da siffa tasa daban, don haka na asalin yana da amfani. Akwatin kansa, ko ya yage ko yana wari, a shanya shi a inuwa a haɗa da shi. Idan an ce wani shahararren mabushi ne ya taɓa mallakarsa, sai da takarda ko hoto maganar ke zama kuɗi. In babu, faɗe ta a matsayin abin da aka gaya maka, kada ka gina farashi a kanta.

Sa kuɗi

Kuskuren da aka fi yi shi ne duba abin da wasu suka sa wa nasu a intanet. Kowa na iya rubuta adadin da ya ga dama, abin ya shekara ba wanda ya taya. Abin dubawa shi ne nawa aka saya. Shafuka irin su eBay da Reverb suna ba da damar ganin cinikin da aka kammala, gidajen gwanjo ma sukan wallafa sakamakonsu. Nemi samfuri irin naka, na zamani ɗaya, mai lafiya kusa da tasa, ka tara misalai biyar ko fiye idan sun samu, ka jefar da mafi tsada da mafi araha, ka dubi tsakiya. Daga nan ka cire la'adar shafi ko ta dillali, da kuɗin ɗauri da aikawa da inshora, ka ga abin da zai rage a hannunka. Wannan ragowar ita ce za ka auna kowane tayi da ita.

Idan bincike ya nuna abin da ke hannunka ba kasafai ake samunsa ba, misali ba ka ga irinsa ko ɗaya da aka sayar ba, ko ya fito daga ƙarni na 19 da sunan maƙeri sananne, dakata ka nemi masani. Ƙungiyoyi irin su International Trombone Association da Historic Brass Society, da gidajen tarihi masu sashen kayan kiɗa, hanya ce ta kaiwa ga waɗanda suka san abin. Biya kuɗin kimantawa ya fi karɓar kimar kyauta daga wanda yake son saye, don ba a haɗa alƙali da mai ƙara a mutum ɗaya. Ka kuma sani cewa kimar da ake rubutawa don inshora takan fi abin da kasuwa za ta biya, kada ka riƙe ta a matsayin farashi.

Wurin sayarwa ya danganta da haƙurinka. Kantin kayan kiɗa zai biya nan take amma ƙasa da kowa, tunda shi ma riba zai nema. Barin sa a hannun dillalin kayan busa ya sayar ya cire la'ada yana ɗaukar lokaci, sai dai yana kai abin gaban mutanen da suka dace, kuma a rubuta yarjejeniya: mafi ƙarancin kuɗin da za a sallama, la'ada nawa, wa ke da alhaki idan ya lalace a wurinsa. Sayarwa kai tsaye ta intanet ta fi kawo kuɗi, ta fi kuma wahala. Gwanjo ya dace da abin da ba a san iyakar kuɗinsa ba, amma a sa ƙasan da ba za a sauka ba, kuma gidan gwanjon ya zama mai harkar kayan kiɗa.

Hoto da bayani

Hasken rana a inuwa, shimfiɗa mai launi ɗaya, ba walƙiyar kyamara, don tagulla tana mayar da haske ta ɓoye lotsawa. Ɗauki abin gaba ɗaya ta gefe biyu, sannan zanen mazurari, lambar ƙira, leɓen mazurari, bututun ciki a zare musamman ƙarshensu, lanƙwasar ƙasa, da duk abin da ke cikin akwati. Kowane aibi ka ba shi hotonsa, ka nuna shi da yatsa ko tsinke. Gajeren bidiyo na silaid yana tafiya, a wuri shiru yadda za a ji ƙararsa, ya fi dogon yabo aiki.

A bayani, jera gaskiya tsagwaronta: kamfani, gari, samfuri, lamba, shekarar da jadawali ya nuna, awo, irin fata da kimanin yawan da ya rage, halin silaid, gyaran da aka taɓa yi, da wanda kai ka sa aka yi. Idan kai ba mabushi ba ne, rubuta haka, ka ce wane irin mutum ne ya gwada maka. Kalmomi irin su "ba irinsa" da "kamar sabo" suna sa masani ya ɗaga gira. Na sha ganin yadda mai saye ke sakin jiki da zarar ya ga mai kaya ya riga shi nuna tabon, sai tambayoyi su ragu, ciniki ya yi sauri. Aibin da ka ɓoye kuwa zai fito ranar da aka buɗe kwali, a dawo maka da kaya, ka yi asarar kuɗin aikawa sau biyu.

Wajen karɓar kuɗi, tsaya a cikin tsarin biyan shafin da ka yi talla. Wanda ya ce ku koma gefe, ko ya turo fiye da kuɗin ya ce ka mayar masa da ragowa, ko ya aiko hoton rasit yana gaggauta ka, rabu da shi. Kaya ba sa barin hannunka sai ka ga kuɗi sun zauna a asusunka da idonka. Idan hannu da hannu ne, a haɗu a wurin jama'a, kantin mai gyara ya fi ko'ina, mai saye ya zo da kofin leɓensa ya gwada. Idan zai tsallaka iyaka, bincika dokar ƙasarka tukuna, domin ƙasashe da dama suna neman izini kafin a fitar da kayan tarihi da suka kai wasu shekaru, kuma a takardar kwastan a rubuta ainihin kuɗin da aka saya.

Ɗauri

Turombon da ya tsira shekara 80 yana iya mutuwa a kwana uku a hanya. Tsohon akwati an yi shi ne don ɗauka a hannu, maƙallansa sun saki, kuma idan kwali ya faɗi ta kai, nauyin abin gaba ɗaya a leɓen mazurari yake sauka ya naɗe shi. Raba silaid da mazurari. Kulle silaid, in ba makulli a ɗaure shi da ƙyalle, a naɗe shi shi kaɗai, a sa shi tsakanin kwali biyu masu tauri don kada ya lanƙwashe. Cusa soso mai tauri ko dunƙulen ledar kumfa a cikin mazurari har ya ɗan fito waje, yadda in an buga, shi zai karɓi bugun kafin leɓen. Kofin leɓe da duk wani ƙaramin ƙarfe a naɗe su daban a ajiye nesa, don kofin da ya kuɓuce a cikin akwati yana yi wa mazurari ɓarnar guduma. Salatif kada ya taɓa jikin ƙarfe, yana ɗaye banish.

Idan za ka sa shi a akwatinsa, cike duk wani gurbi har sai ka girgiza ba ka ji motsi ba. Idan akwatin ya lalace sosai, gara a naɗe sassan daban a aika akwatin a gefensu. Kwalin waje ya zama mai kauri biyu, da tazarar aƙalla inci 3 na abin cushe ta kowace fuska, musamman ta wajen mazurari. Ɗauki hoton kowane mataki na ɗaurin, sa inshora a kan cikakken kuɗin, zaɓi aikawa mai lambar bibiya da sa hannun mai karɓa. Ka gaya wa mai saye ya ɗauki hoton kwalin kafin ya buɗe, ya kuma ajiye kwalin da abin cushen har sai ya gwada silaid ya tabbatar ya iso yadda ya bar hannunka, domin kamfanin aikawa zai nemi ganinsu idan aka shigar da ƙorafi.